Shanyar Baba Na'ibi

Ina tsakar gida da basilla a hannu, ina ɗinke wa wata hajiya kayanta cikin buhun algarara, sai ga Dela maƙwabciyata ta faɗo ko sallama babu. Wai in fito in ga abin da tsohona ya shanya a saman soro, mutane har sun fara tsayawa a titi suna ɗaga kai. Na ce likkafaninsa ne mana, a zamzam ya tsoma shi, wa ye bai taɓa ganin likkafanin alhaji a igiya ba a garin Jiddan nan? Dela ta ce ita dai tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin shuɗin likkafani ba.

Na yar da basillar na hau da gudu. Likkafanin yana nan kam, fari fat, a igiya ɗaya. A ɗayar kuwa, iskar teku ta buɗe wani yadi mai launin sararin sama, da koren ganyen zaitun zagaye a tsakiyarsa. Kwanukan girkina kaf an jera su a ƙarƙashi, don kada ɗigon zamzam ya faɗi ƙasa. Shi kuma Baba Na'ibi yana tsaye a gefe, ya miƙe sambal, hannuwa manne da cinya, tsohon da ciwon baya bai bari ya miƙe haka ko a Arfa ba.

Na san yadin nan. Tutar Iritiriya ce, wadda a garinmu Masawa a lokacin ko sunanta aka ji a bakinka sai ka kwana a hannun soja.

"Baba, mene ne wannan?"

"Shanya ce, Uwata. Ki bari ta sha iska."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa Mastura aka sa mini, bakinsa kuma bai taɓa furta shi ba. Ban bari ta sha iskar ba. Na fizge ta daga igiya, jiƙe sharkaf, na cukuikuye a ƙirjina. Bai hana ni ba, abin da kawai ya ce kada in bari ta taɓa ƙasa. Da na leƙa titi na ga mutane sun yi cirko-cirko, wani har ya ɗora hannu a ƙirji.

Bari in ɗan koma baya, in ba haka ba za ku ce tsohon nan taɓuwa ya yi. Kakana ya baro Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji. Ya yi noman auduga a Sudan, ya yi dako, ya yi wanzanci, a hanyar aka haifi Baba a wani ƙauye da shi kansa bai san sunansa ba. Da suka iso Masawa, saura ƙetare ruwa kawai, Allah ya karɓi ran kakana yana kallon teku. Baba ya tashi a bukkokin Takari a bayan gari, ni ma can aka haife ni. Turawan Italiya suka yi mulkinsu suka tafi, na Ingila suka yi nasu suka tafi, babu wanda ya damu ya san mu 'yan ina ne. Mu dai matafiya ne da ba su ƙarasa ba.

Sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi nata tsarin. Aka ce Iritiriya za ta zauna tarayya da Habasha, sarki ɗaya a sama, amma ita da gwamnatinta da majalisarta da tutarta. A lokacin ne aka sa Baba cikin 'yan ƙasa, aka ba shi kaki da hula, aka ce shi zai riƙa ɗaga tuta da safe ya sauke da yamma a gaban wani ofis a bakin tashar jiragen ruwa. Ranar da ya fara, Inna ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Shekaru ba su yi nisa ba aka fara zare abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka ce a sauke tutar gaba ɗaya, shugaban ofishin, wani mutumin garin Keren, ya ninke ta da hannunsa ya miƙa wa Baba, ya ce ya riƙe har ranar da za a nema. Baba ya cusa ta a matashinsa, shekara da shekaru yana kwana a kanta. Ni lokacin an riga an kawo ni Jidda gidan mijina Abdulghaffar, ban san wainar da ake toyawa ba.

'Yan watanni kafin hajjin da nake ba ku labari, na 1963, aka ƙarasa aikin. Babu tarayya, babu majalisa, Iritiriya ta zama lardi cikin lardunan Habasha. Soja suka fara shiga gidaje suna farke katifu. Shi ne da Allah ya kira Baba hajji bai yarda ya bar wa Inna matashin ba, ya naɗo tutar cikin likkafaninsa ya taho da ita. A Makka cunkoso da idon jama'a suka hana shi tsoma ta a zamzam. Sai ya yi dabara, wai, ya ciko garwa ya kawo gidan 'yarsa inda babu ido. Inda babu ido! Saman soro, a unguwar Sharafiyya, da hantsi.

Kafin la'asar gidana ya cika. 'Yan Iritiriya mutanen Keren da na Akurdat masu dako a tashar jirgin ruwa suka yi ta shigowa, suna sumbatar kan Baba, suna roƙon a nuna musu ko gefenta ne. Na ce ba abin da za a nuna, zanena ne na shanya. Babu wanda ya kula ni. Na koma na hura gawayi ina dafa musu shayi, ina jin su ta labule, zuciyata na tafasa fiye da butar.

Maigidana Abdulghaffar haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci, sana'arsa liƙe garewanin zamzam da dalma, cutarsa kuma rediyo. Shi ya tono maganar. Ya ce ya jama'a, amma fa rediyo ya ce majalisarku ce da kanta ta ce halas, an gama, mun yarda mu zama lardi, to ina laifin Habasha? Wani mai gemu ya taso masa. Ya ce wace yarda, soja a ƙofa, soja a kan rufi? Ya ce shi a yadda ya ji ko hannu ba a ƙirga ba, takarda aka karanta aka ce a tafa. Wani ya ce ko da ma da daɗin rai suka ɗaga hannun, ba su suka ƙulla tarayyar ba, majalisar duniya ce ta ƙulla, ita ce kuma za ta kwance. Na kusa da shi ya ce to ita majalisar duniyar me ya sa ta yi gum? Baba ya ce shi bai san doka ba, amma in ka sa maigadi a shago, ka dawo ya ce maka ya yi wa maƙwabci kyautar shagon, ko da dariya ya bayar, shago na nan naka. Suka ɗauki kabbara, sai ka ce shagon ne ya dawo.

Ana cikin haka na lura da wani a bakin ƙofa. Bai zauna ba, bai karɓi shayi ba, takalmansa sai sheƙi suke. Ya gaishe da Baba da Larabci mai santsi, ya yi masa barka da Arfa, ya tambayi sunansa da unguwarsu a Masawa da jirgin da zai koma a ciki, wai yana da saƙon da zai ba shi. Baba kuwa, Allah sarki, mutumin da ko goro bai iya ɓoyewa a baki ba, ya zayyane masa komai. Ina bayan labule ina tari, ina buga murfin tukunya, duk a banza. Da mutumin ya fita aka shiga tambayar juna wa ya zo da shi. Babu. Nan take kowa ya tuna yana da aiki a wani wuri.

Washegari na aika aka kira mini Mahmudu. Unguwarmu ɗaya da shi a Masawa, tare muka yi wasan ƙasa, yanzu yana aiki a jirgin shanu mai zirga-zirga tsakanin can da nan. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tun da aka yi abin nan, alhazan da suka sauka a Masawa jera su ake yi a rana. An san Jidda cike take da waɗanda suka gudo, an kuma san suna tara wa masu bindiga na daji gudunmawa, don haka duk ƙunshin da ya fito daga nan sai wuƙa ta bi ta kansa. Ya ce akwai wani da aka samu da ɗan hankici mai launin nan a aljihu, aka shiga da shi, har yau iyalinsa na kai abinci ƙofa ana dawo musu da shi. Hankici ke nan, ba tuta sukutum ba. Na zauna a kan kayan hajiyar da ban gama ɗinkewa ba.

Na fara da lallashi. Na ce Baba ya bar mini ita, in sa a akwatin aurena da turare, ko ƙuda ba zai taɓa ta ba. Ya ce ba a Jidda aka ba shi ita ba. Ranar da za a zo nema Masawa za a zo, in ba a same ta ba me zai ce? Na ce to shi ya zauna, a nema masa kafili mai tsaya masa, a yi masa iƙama, wato takardar zama. Ya ce Inna fa, da gwiwoyinta da ba sa kai ta famfo? Kabarin ubansa fa? Abdulghaffar ma ya ja ni gefe ya ce in bar wannan zancen. Babu kafilin da zai ɗauki tsoho, kuma da an gama kwashe alhazai ake bi unguwa-unguwa ana tattara waɗanda suka maƙale, a zuba su a jirgi da ɗan sanda a baya. Wannan kuwa ya fi komai muni.

Sai maigidan ya zo da tasa fasahar. Ya ce abu mai sauƙi, zai yi wa garwar zamzam gindi biyu, a shimfiɗa tutar a tsakani, ya bi da dalma, wa zai taɓa ruwan Allah? Ya wuni yana yi, yana ta yaba kansa, ni ma har na ɗan samu numfashi. Mahmudu ya zo ya ɗaga garwar, ya ƙwanƙwasa gindin da yatsa, ya ajiye. Ya ce da wuƙar bakin bindiga soja suke huda su daga sama har ƙasa, dandamalin tashar Masawa jiƙe yake da zamzam kamar an yi ruwa. Baba ya dafe kai yana salati. Ba wuyansa yake wa salatin ba, wai zamzam a ƙasa ana takawa da takalmi. Wallahi nan ne raina ya gama ɓaci.

Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Baba, ƙyalle ne fa. Ƙyalle. Mu Hausawa ne, ina ruwanmu da rigimar Habasha da Iritiriya? Su masu ƙasar ga su nan sun gudo suna dako a tasha, kai ne za ka kai musu wuyanka?"

Ya bari sai da na sauke, sannan ya ce, "Uwata, ubana ya mutu ba ɗan ko'ina ba. Ni an haife ni inda ban sani ba. Ƙyallen nan da kike faɗa, shi kaɗai ne ya taɓa cewa ni nasa ne. Yau don an kayar da shi, ni ma sai in ce ban san shi ba?"

Sai na fashe da kuka, kukan haushi. Na yi tunanin in sace ta in cusa a murhu. Abdulghaffar ya karanci fuskata, ya ce in na yi haka Baba zai isa gida da ransa, amma ni na rasa uba ke nan. Ga shi ma tsohon ya mayar da ita ƙarƙashin kansa, ko alwala zai yi sai ya cusa ta a riga.

Gidan Dela na je in ƙarasa kukana. Ita rini take yi a rabin duro a bayan gidanta, tana mayar da tsofaffin zannuwa baƙin mayafi tana sayar wa mata. Ina zaune ina jan majina, ta ɗauki wani zane mai furanni ja da rawaya ta danna a duron, ta juya da sanda, ta ɗago shi baƙi ƙirin. Hawayena suka tsaya. Na ce rinin nan yana rufe kore? Ta ce har ja yana rufewa. Ta dube ni, ta gane inda na dosa, ta rage murya ta ce yadin zai kama tsaf, amma zaren da aka yi ganyen da shi ba za ta rantse ba, in irin mai sheƙin nan ne na Turawa, a sama-sama yake shan rini. Ni kuwa a lokacin yadin zai kama ɗin kawai na ji.

Da safe na durƙusa gaban Baba na faɗa masa. Na ce za ta koma Masawa, a hannunsa, ba mai yanka ta sai bakin da ake zura igiya. Baƙin mayafi za ta zama, tsarabar Inna. Wane alhaji ne ba ya kai wa matarsa baƙin mayafi daga Jidda? Ya dube ni ya ce:

"Wato in yi mata abin da suka yi mata."

Na ce ni ban san wannan ba. Ni dai ubana nake so ya wuce ƙofar tasha ya je ya ci tuwon Inna.

Daga nan ya ɗauke mini wuta. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice, in na kawo abinci sai maigidan ya miƙa masa sannan ya ci. Kwanaki na ta tafiya, ranar jirgi na matsowa. Dela ta ce ta ga mai takalman nan a kwanar layinmu, tsaye wajen mai lemo, bai sayi komai ba. Bayan nan ta sake ganinsa. Ni abinci ya daina shiga, na zama ko kaza ce ta taɓa ƙofa sai gabana ya faɗi. In na dubi Baba yana jan carbi sai in ga kamar ina kallon wanda aka riga aka yi wa wanka.

Ana gobe motar wakilin alhazai za ta zo kwashe su zuwa masaukin alhazai na tasha, da hantsi, sai ga shi ya fito daga ɗaki da tutar a ninke bisa tafukansa biyu. Bai dube ni ba. Ya ce, ina gidan mai rinin?

A bayan gidan Dela ya ce mu ja da baya. Ya warware ta, ya riƙe ta a buɗe yana kallo, leɓɓansa na motsi. Dela ta miƙa masa sandar juyi, ya girgiza kai. Da hannunsa ya sa ta, a hankali, kaɗan-kaɗan, yadda na sha ganin yana sauke ta da yamma ina yarinya. Shuɗin ya fara tafiya, koren ne ya yi gardama, sai da ya danna shi da tafi ya riƙe. Da ya ɗago, hannuwansa sun yi baƙi har wuyan hannu. Tausayinsa ya kama ni kamar in kwanta a ƙasa, amma ƙarya nake in na ce ban ji sanyi a raina ba.

Da ta bushe na yanke bakin igiyar na ƙona a gawayi, na yi mata kalmasa. Ina cikin yi yatsana ya ci karo da wani ɗan ɗinki a kusurwa, inda iska ta taɓa yaga ta. Hannun Inna ne, ko a mafarki na san shi, ƙanana a gicciye. Na goge wa Baba hannu da lemon tsami da toka har fatar ta yi ja, baƙin bai fita duka ba. Ya ce in an tambaye shi zai ce ya taya maƙwabciyar 'yarsa aiki, ai ba ƙarya ya yi ba. Na haɗa likkafani da mayafin da dabino da carbuna na ɗinke cikin algarara. Sakwa-sakwa na yi ɗinkin, don mai wuƙa ya samu sauƙi kada ya yanki na ciki.

A tasha, rana kamar ta narka mutum, alhazai da laimominsu, 'yan dako na ta ihun yalla yalla, a yi sauri. Kowa na kallon jirgi, ni ƙafafun mutane nake bi da ido ina neman takalma masu sheƙi. Ban gan su ba, rashin ganin kuma ya fi tayar mini da hankali. Da aka kira mutanen Masawa, Baba ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata." Daga saman matakalar jirgi ya ɗago mana baƙin hannunsa.

Sai jira. Jirgin su Mahmudu ya lalace a can, aka ja shi gyara, babu mai zuwa da labari. Na soke yatsuna da basilla har sun yi kanta, na ƙona shinkafa, na yi faɗa da mai ruwa a kan abin da ban ma tuna ba. Rediyon maigidan kuwa cike yake da labarin taron shugabannin Afirka a babban birnin Habasha, ana ta zancen 'yanci da haɗin kai, ko sau ɗaya ba a ambaci Masawa ba. Na ce ya kashe mini shi kafin in tsoma shi a duron Dela. Ya kashe, bawan Allah.

Zafi ya kai tsakiyarsa kafin Mahmudu ya yi sallama a ƙofata. Ban bari ya cire takalmi ba. Ya ce Baba yana raye, yana gida, in zauna. Na zauna.

Ya ce tun Baba bai gama sauka daga matakala ba aka kira sunansa. Suka farke ƙunshin, suka baza likkafanin a ƙasa, suka huda garwar zamzam ɗinsa, suka lalube shi har cikin hula. Baƙin mayafin wani soja ya ɗaga, ya kakkaɓe, ya wurgar gefe. Suka ce ina tutar da ya shanya a Jidda? Ya ce ga kaya nan gabansu, su duba. Duk da haka suka tafi da shi. Inna ta zo tarye da matan unguwa, guɗa a bakinsu, sai kayan aka watso mata. A gida tana ninke mayafin yatsanta ya faɗa kan ɗinkinta. Nan ta gane abin da ke hannunta. Da gari ya waye ta yafa shi, ta ɗauki kwanon abinci, ta ja gwiwoyin nan nata har ƙofar inda aka tsare shi.

Kullum haka. Suna ciki suna tambayar mijinta inda ya ɓoye ta, ita tana tsaye a ƙofa da ita a ka. Ranar da suka je suka tone daɓen ɗakinsu suka farke matashin, tana bakin ƙofa lulluɓe da ita, har tana matsa musu su wuce. Da suka gaji suka sake shi. Ya rame, kunne ɗaya kuma ya daina ji. Mahmudu ya ce da ya fito ya hango Inna, sai ya tsaya cak, ya miƙe sambal, hannuwa manne da cinya. Sojan ƙofa suka yi ta dariya, wai ga tsoho yana ƙame wa matarsa.

Na faɗi na yi sujada, na yi kuka, na yi dariya, na ƙwala wa Dela kira ta katanga. Na zubo wa Mahmudu shinkafa da kifi har kwanon na zuba. Ya sa hannu, amma na ga ba ya ci, sai sosa ƙeya yake. Na ce mene ne kuma? Ya ce akwai saura. Inna duk Juma'a sai ta wanke mayafin ta shanya a tsakar gida, Baba na tsaye a gefe. Ruwan Masawa kuwa da gishiri, rana kuma na san ta. Yadin yana nan baƙi, amma zaren ya fara saki. In rana na bayansa, ganyen na fitowa. Ya ce shi da idonsa ya gani, daga kan hanya, ta saman dangarsu.

Na miƙe tsaye. Na ce Dela ta kawo garin rini yanzu-yanzu, mai ƙarfin, in ƙulla masa ya tafi da shi. Na ce ya gaya wa Inna don girman Allah ta daina wankewa, ta daina fita da shi, ta sa a ƙasan akwati.

Mahmudu ya ce, "Baba ya ce haka za ki ce. Ya ce a gaishe ki, a gaishe da mai rini. Ya ce kada ki aiko."

"Inna fa? Ita ma ba ta da hankalin?"

"Inna ta ce ita ba ta san wata tuta ba. Mayafi 'yarta ta aiko mata daga Jidda, kuma ita ba ta sa kaya da dauɗa."

Duk da haka na ƙulla rinin a tsumma, ƙulli uku-uku irin nawa, na cusa masa a aljihu, na ce in bai kai ba ban yafe ba. Ya kai. Zuwansa na gaba ya shigo ya ajiye mini shi a kan tabarma, ƙullin na nan yadda na ƙulla, ko taɓa shi ba a yi ba. Na ɗaga kai na dubi sama. Ranar Juma'a ce, rana ta take, irin ta shanya.